Yaya Malami, Ka Ce Kada In Ɗauke Ka

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za a tattara mu. Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, bayan sallar Azahar, Allah ya karɓi ran Alhaji Malami Bello a wani asibiti kusa da Laurel, a jihar Maryland. Matarsa Hairat ce ta kira ni. Ba ta yi kuka ba, cewa kawai ta yi, "Malam Tahir, yayanka ya tafi." Ya bar ta da 'ya'ya biyu, Haidar da Ɗija, ya bar tsohuwar mahaifiyarsa a Sakkwato. Likitoci sun ce ciwon huhu ne ajalinsa. Ban musa musu ba, amma na san inda zancen ya faro, kuma shi na zauna in rubuta da hannun nan da ba kullum yake yi mini biyayya ba.

Yaya Malami, ciwo ne ya haɗa mu. Shekara uku ke nan, ina zaune a ɗakin da ake yi mana ƙarin ruwan magani, ma'aikaciyar jinya tana laluben jijiya a hannuna tana kuskurewa. Na yi salati a hankali. Sai na ji murya daga kujerar baya tana cewa, "Wanga wane Bahaushe na mai tsoron allura haka?" Na waiwaya na ga dogon mutum fari, da hula a ka, da sanda jingine a gwiwa. Da na gaya maka aikina shi ne ɗibar jinin mutane a asibiti, ka yi dariya har sai da aka zo aka gyara maka robar hannu. Da kuma ka gano kakannina Barebari ne, ko da yake a Fagge aka haife ni, shi ke nan na shiga uku. Tun daga ranar ban sake jin sunana a bakinka ba sai Babarbare, ni ma ban fasa tuna maka cewa Bafillace ko ya hau jirgi ya zo Amurka, hankalinsa yana wajen saniya ba.

Ga waɗanda ba su san ciwon ba, MS ake ce masa. Garkuwar jikin mutum ce take juyawa ta riƙa cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyinsa, saƙo ya daina isa ƙafa da hannu da ido yadda ya kamata. Muguntarsa ita ce ba ya zama wuri ɗaya. Yau ka tashi ka taka kamar kowa, gobe cokali ya gagare ka ɗauka. Zafin rana yana tayar da shi, gajiya tana tayar da shi, wani lokaci kuma ba ka yi masa komai ba ya tashi. Wanda ya gan ka ranar da ka miƙe zai rantse ka warke.

Ka riga ni shiga wannan hali da shekaru, kuma wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Lokacin da muka haɗu ka riga ka bar aikinka na tuƙa motar ɗaga kaya a wani babban sito a Laurel, kana rayuwa da inshorar da wurin aikin ya yi muku, wadda ke biyan ma'aikaci wani kaso na albashinsa duk wata idan doguwar cuta ta zaunar da shi. Ni kuwa ina ta jan jiki zuwa aiki, yatsuna suna mutuwa a kan allura, ina ɓoyewa. Kai ka zaunar da ni a falonka, Hairat ta kawo mana furar da kake damawa da madarar kanti kana yi mana ƙaryar ta fi ta Sakkwato, ka ce in daina wasa da jijiyoyin bayin Allah. Ka bincika ka gano ni ma wurin aikina sun yi mana irin wannan inshora, ni da ban taɓa sani ba. Ba don kai ba, da na ajiye aikin kawai na koma gida hannu rabbana, da matata Shafa'atu da yara uku a gidan haya a Clinton.

Abin da ka fi wahala wajen koya mini shi ne yadda ake amsa tambaya. Mu an raine mu a kan cewa majinyaci ba ya kai ƙarar Ubangijinsa. Ko mutum yana kan gargara, in aka ce ya jiki, zai ce da sauƙi. Ka raka ni wajen likitan jijiya, ka ji ya tambaye ni yadda nake na ce masa na gode Allah, ana samun ci gaba. Muna fitowa ka tsaya a bakin lif, na'urar hawa da sauka bene, ka dube ni.

"Babarbare, da sauƙi ta gida ce," ka ce. "Nan in ka ce da sauƙi rubutawa sukai, kuma abin da sunka rubuta shi ka ci da kai. Hwaɗa mishi ka hwaɗi a banɗaki. Hwaɗa mishi matarka ta ɓalle maka maɓalli. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Na ji kunya ƙwarai, amma na koma na faɗa. Aka amince da buƙatata, kuɗin suka fara shigowa, rufin gidanmu ya tsaya. Ka kuma gargaɗe ni cewa ba a gama ba. A irin yarjejeniyar da muke ƙarƙashinta, shekara biyun farko tambayar ita ce ko za ka iya aikinka. Daga nan sai ta koma ko za ka iya wani aiki, kowane iri. Ka ce daga ranar da suka fara biya suke neman ranar da za su daina, kuma ba barci suke yi ba. Kamfanin inshora ɗaya ne yake riƙe da mu duka biyu, har ma'aikaciya ɗaya ce take kiran mu, wata mai suna Debbie. Ban taɓa ganin fuskarta ba. Muryarta tana da daɗi, tana tambayar yara da sunayensu, ba ta taɓa ɗaga mini harshe ba, kuma duk ranar da ta kira ba na iya cin abinci.

Duk wannan wayo da ka koya mini, akwai wuri guda da kai ba ka iya aiki da shi ba. Tun kafin ciwo, kai ne mai wankan gawar mazanmu a wannan yanki. Daga Bowie har Silver Spring, in Bahaushe ya rasu, kafin a kira 'yan'uwansa a gida an kira Malami. Kullum akwai farin yadi a ajiye a gidanka, ba ka taɓa karɓar ko sisi a kansa ba. Ka san wace maƙabarta ce take da sashen Musulmi, ka san yadda ake lallashin ma'aikatanta su bari mu sa namu da hannunmu. Na sha ganin ka zaune a kujera, ƙafa ta ƙi, kana nuna wa matasa da baki yadda ake juya mamaci a hankali, kana cewa a rufa masa asiri, yana ji. Mutane da yawa a nan sun binne iyayensu ta waya. Kai ka sa waɗanda suka mutu a hannunmu ba su tafi kamar marasa kowa ba.

A watan Nuwamban bara Boubacar ya rasu, wani direban tasi mutumin Maraɗi, wanda ba shi da kowa a ƙasar nan sai abokan haya. Ranar jana'izarsa an tashi da sanyi, kuma sanyi yana yi wa masu ciwonmu daɗi. Ka zo da sandarka. Da aka sauke makara daga mota aka rasa cikon mutum a gefe guda, sai na ga ka jingine sandar a jikin wata bishiya ka sa kafaɗa. Da aka isa bakin kabari matasan suka tsaya suna kallon juna, babu wanda ya taɓa shiga. Ka tattare riga ka sauka. Ka karɓe shi, ka kwantar da shi a kan damansa, ka kwance ƙullin, aka miƙa maka hannu ka fito. Ina tsaye ina kallo, zuciyata tana yaba maka.

Wayoyi suna sama a ranar, kamar yadda suke a kowace jana'izarmu. Ba don nishaɗi ba ne. Uwar Boubacar tana Maraɗi, kuma in ba ta ga an sa ɗanta a ƙasa da idonta ba, ba za ta taɓa yarda ya mutu ba. Haka muke yi wa kowa. Daga baya Misbahu, mai kula da shafin ƙungiyarmu a Fesbuk, ya ɗora bidiyon don 'yan'uwa na nesa su gani su yi addu'a. Ya rubuta godiya ta musamman ga Alhaji Malami Bello, da cikakken suna, wanda ya ɗauki gawa ya kuma shiga kabari. Jama'a suka yi ta sa albarka a ƙasa. Wasu suka rubuta da Turanci cewa Allah ya ba Alhaji lafiya, ya miƙe. Babu mai mugun nufi a cikinsu, ko ɗaya.

Abin da babu wayar da ta ɗauka shi ne abin da ya biyo baya. Washegari ƙafafunka suka ɗauke gaba ɗaya. Kusan wata guda Hairat da Haidar ne suke kama ka zuwa banɗaki. Na zo duba ka na tarar ana ba ka kunu a cokali, ka kalle ni ka ce kada in kuskura in ba da labari a Borno. Na ce maka ka yi ganganci. Ka ce to a bar bawan Allah a bakin rami ana kallon-kallo? 

Da farko ba a ji komai daga kamfanin inshora ba. Debbie ta kira ka a watan Janairu ta tambayi yadda ka yi hutun ƙarshen shekara, ta tambaya ko kana samun fita cikin jama'a. Ka gaya mini tambayar ta tsaya maka a rai. Sai a cikin azumi aka sanar da kai cewa an sake duba lamarinka, an ga shaida a bidiyon jana'izar cewa kana iya tafiya ba sanda, kana iya ɗaukar nauyi, kana iya sauka da hawa, don haka akwai ayyukan da za ka iya, kuma biya ya tsaya. Likitanka ya rubuta musu cewa awa guda ba ita ce rayuwar mai wannan ciwo ba. Wani likitan nasu, wanda bai taɓa taɓa jikinka ba, ya kalli bidiyon ya ce bai gamsu ba. Lauya ya ce a ɗaukaka ƙara, akwai alamar nasara, amma abin yana cin watanni. Mai gidan haya kuwa ba ya jiran watanni.

Ƙungiya ta yi karo-karo, ka karɓa sau ɗaya, na biyu ka mayar. Na yi maka faɗa, na ce wannan girman kan Fulani ne, ka ce a kai wa matar da mijinta ya rasu ya bar ta da goyo. Hairat ta ƙara awoyi a gidan kula da tsofaffi har ƙafafunta suka kumbura. A watan Yuni, ba tare da ka gaya wa lauya ba, ka karɓi aikin gadi a ƙofar wani filin ajiye manyan motoci. Ka san abin da zafin Maryland yake yi wa mai MS, kai ka koya mini in riƙa sa tsumma mai sanyi a wuya. Ka kuma san in kamfanin ya ji kana aiki, ƙararka ta mutu. Ka zaɓi hakan a kan ka zauna kana kallon matarka tana jan ƙafa. Cikin watan Yuli aka tsince ka a ƙasa a bakin ɗakin gadin da rana tsaka. Daga nan haɗiya ta fara gagarar ka, abinci ya riƙa bin hanyar iska, huhu ya kamu.

Na je asibiti ranar Juma'ar ƙarshe da ka yi a duniya. Muryarka ta dushe, sai da na kai kunne kusa. Na ɗauka wasiyya za ka ba ni a kan yara. Sai ka tambaye ni yaushe shekarata ta biyu da fara karɓar kuɗin inshora take cika. Na ce Oktoba.

"To ji nan, Babarbare," ka ce. "In na tahi, kak ka ɗauke ni. Kak ka shiga ramin. Zamna inda kowa ka ganin ka zamne, da sandarka a hannu. Ɗiyanka ukku. Na yahe maka."

Na ce ka daina irin wannan magana, za ka tashi. Ka ce ga shi nan, ka koya mini ka koya mini, har yanzu da sauƙi nake cewa.

An yi maka sutura ranar Laraba. Matasan da ka koya wa su suka wanke ka, da yadin da ka ajiye da hannunka aka naɗe ka. Ni kuwa ƙafafun nan nawa maciya amana, waɗanda suka ƙi ni tun farkon bazara, a ranar suka tashi garau. Da zan iya ɗaukar ka. Na san haka, jikina ya san haka. Aka kawo mini kujera aka ajiye a inuwa, na zauna na rungume sanda. Da aka fito da kai, wani dattijo daga Bowie ya waiwayo ya ce, "Malam Tahir, taso ka kama wa ɗan'uwanka mana." Na ce masa ƙafa ce, Baba. Ya dube ni, ya dubi ƙafar, ya juya. Ka wuce ta gabana a kafaɗun mutanen da wasunsu ba su san sunan mahaifinka ba. Ban taɓa jin ƙasƙanci irin na wannan zama ba, kuma na yi shi ne don kai ka ce.

Na cika maka alkawari har aka sa ka a ƙasa. Sai liman ya ce kowa ya matso ya zuba tasa. Ban san lokacin da na tashi ba, Yaya Malami. Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Na tsinci kaina a bakin kabarin, na durƙusa, na cika hannuwana biyu da ƙasa na zuba maka, na sake, na sake, na miƙe tsaye ba wanda ya kama ni. Da na juyo na hango sandata kwance a ciyawa can kusa da kujera, da nisa. Tsakanina da ita kuwa wayoyi ne a sama, sun fi goma. A cikin ɗaya, wadda Haidar yake riƙe da ita, na ga fuskar Inna daga Sakkwato, ta sa hannu ta rufe baki tana kallon inda aka sa ɗanta. Wa zan ce wa ya sauke waya?

Misbahu ya zo har gida ya rantse mini bai ɗora komai ba, kuma na yarda da shi. Tun abin da ya same ka yaron nan bai sake sakewa ba. Amma bidiyo ya riga ya je Sakkwato, daga can ya je Kano da Yamai, 'yan'uwa da abokan arziki kowa ya ɗora a shafinsa yana nema maka gafara. Wani ɗan ƙanwarka da ban taɓa gani ba ya rubuta sunana a ƙarƙashin nasa, ya ce ga amininsa na Amurka, Allah ya saka masa. Shafa'atu ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana roƙo a cire. Wasu sun cire, wasu sun ji haushi, sun ce wane irin mutane ne mu da ba ma son a yi wa mamaci addu'a. Ban ga laifinsu ba. Ta yaya za ka fahimtar da mutumin Sakkwato cewa zuba ƙasa a kabarin ɗan'uwanka yana iya raba 'ya'yanka da wurin kwana?

Tun ranar Alhamis nake kwance. Hannun dama ya ɗauke, da na hagu nake danna wannan rubutu, kaɗan-kaɗan. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. Na shafa, Yaya, iyakar iyawata, sai a minti na ƙarshe na kai shi bakin wutar da kaina, kuma ko yanzu ban iya cewa na yi nadama ba. Jiya da hantsi waya ta yi ƙara, na ga lambar na ƙi ɗauka. Debbie ce. Ta bar saƙo da muryar nan tata mai daɗi. Ta ce ta samu labarin na yi rashin aboki na kusa, tana yi mini ta'aziyya ƙwarai, kuma tana so mu ɗan tattauna ranar Litinin da safe a kan yadda jikina yake a 'yan kwanakin nan. Ni dai ban gaya mata na yi rashi ba. Shafa'atu ma ba ta gaya mata ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna a Sakkwato, wadda ta haifi ɗa ta ba mu aro, muka more shi fiye da ita. Ina miƙa ta ga Hajiya Hairat, wadda ta yi jinyar shekaru ba a taɓa jin bakinta ba, da Haidar da Ɗija, da dukan 'yan'uwa na gida da na nan, da jama'armu ta Maryland da Washington da Virginia waɗanda za su gane girman giɓin da aka bar musu ranar da aka sake yin rashi. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku, ya sa kada ku wulaƙanta a ƙasar mutane.

Ya Allah, ga bawanka Malami ya zo maka. Ya wanke bayinka, ka wanke shi daga zunubansa. Ya suturta su, ka suturta shi da rahamarka. Ya shiga kaburburan baƙi don kada su kwanta a karkace, ka yalwata masa nasa, ka haskaka shi, ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Kai ne ka ga sa'ar da ya tsaya da ƙafafunsa, kai ne kuma ka ga watan da ya yi a kwance, ba ka buƙatar kowa ya kawo maka shaida. Ka haɗa shi da Annabin rahama, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ka kyautata namu ƙarshen in ya zo.

Wanda duk ya karanta wannan, ya yi wa Yaya Malami Ƙulhuwallahu. In da saura a bakinsa, ya tuna da ni da yarana uku ranar Litinin da safe.

Tahir Abba Kyari
Clinton, Maryland